Bargon faci daga zannuwan Inna

Tun da aka sa ranar auren babbar ɗiyata, kuma ya tabbata Jos za a kai ta, hankalina ya koma kan abin rufa. Mu mutanen Agege ba mu san sanyi ba. A nan aka haife ni, fataucin goro ne ya kawo kakana, kuma iyakar abin da muke kira sanyi shi ne iskar nan ta watan Agusta da ɗan hazon da ke leƙowa a Disamba ya koma. Zani ɗaya ya isa mutum kwana. Jos kuwa a kan tudu take, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma duk wanda ya yi hunturu a can zai gaya maka sai an ɗumama ruwa kafin alwalar asuba. Yarinyar da ta tashi fanka na kaɗa mata ita za a kai can.

Ita ce ta kawo min hoto a waya. "Umma, irin wannan nake so." Bargo ne da aka haɗa da ƙyallaye kala-kala, kowane an yanka shi daidai da ɗan'uwansa, an jera, sannan ɗinki ya ratsa ko'ina. Hawa uku ne: fuskar da aka haɗa, abin da aka shimfiɗa a ciki don ɗumi, sai shafi a ƙasa, ɗinkin nan kuma shi ke riƙe da su duka ukun. 'Yan kasuwar Legas kwilt suke ce masa, mu a gida muka sa masa bargon faci. Na ce mata ai wannan mai sauƙi ne, kasuwar Balogun babu abin da ba a samu.

Muka hau jirgin ƙasan nan da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, daga tashar Agege zuwa Oyingbo, daga can muka shiga danfo zuwa Idumota. Layin masu zanin gado a Balogun cike yake da kaya har rufi, amma kusan duk abin da aka sauke mana dubet ne, wato katon buhun yadi da aka cusa wa faiba, mai laushi a ido, da rigunan filo da labule abokan tafiyarsa. Da muka nuna hoton, wata Alhaja ta ce tana da shi, ta aiki yaronta sito. Abin da ya kawo daga nesa sai ka rantse shi ne. Da na ɗora yatsa a kan mahaɗar kala biyu sai na ji sumul, babu tudu ko kaɗan. Yadi ɗaya ne aka buga wa zanen faci a masana'anta, aka bi layukan da keke. Ba ta ɓoye ba kuwa, ta ce, "Hajiya, na gaske ba ya zuwa a leda. Ki je Katangowa."

Katangowa kusa da mu take, wajen Abule Egba, kasuwar gwanjo ce da duk ɗan Agege ya sani, sai dai ban taɓa shiga layin kayan shimfiɗa ba. Sirrin wurin sammako ne, lokacin da ake yanke igiyar dila, kafin masu sari su tsince na kirki. A nan na fara riƙe bargon faci na gaske da hannuna, kuma matar da ke sayarwa ce ta koya min dubawa, don ta ga da gaske nake. Ki juya bayansa, ta ce, ɗinkin keke tsawonsa ɗaya daga farko har ƙarshe, na hannu kuwa wani ya ɗan fi wani. Ki ɗaga shi ki kalli rana ta cikinsa: in kin ga wuri duhu wuri haske, abin ciki ya dunƙule, wanki ɗaya zai ƙarasa shi. Ki ja mahaɗar ƙyalle biyu a hankali ki ga ko zare zai yi dariya. Ki duba inda aka saba ninkewa, nan yadi ke fara mutuwa. Sannan ki sansana, don warin fumfuna ba ya fita.

A cikin tarin na sami wani shuɗi da fari, ɗinkin hannu, an dasa haruffa uku da jan zare a kusurwa ɗaya. Wata ce ta zauna a ƙasarsu ta yi wannan aikin, ƙila don jikarta, ga shi ya ƙare a dila tare da tsofaffin tawul. Bakinsa ya cinye, wasu ƙyallayen sun fara rabuwa, kuɗinsa bai kai na yadin makaranta ba. Na saye shi, ba don amarya ba, don ba zan kai 'yata gidan miji da gwanjo ba, sai don in sami abin nuna wa tela. Ita kuma yarinyar ta je wajen Lekki da ƙawarta, inda ake sayar da kayan gargajiya, ta ga waɗanda aka haɗa da adire irin na Abeokuta. Ta ce sun yi kyau ƙwarai, amma aiki ne na masu kashe dala.

A 'yan kwanakin nan ta addabe ni da karatu. Kullum bayan isha'i sai ta zauna bakin gadona tana karanto min tarihin abin daga waya, ni ina gyangyaɗi, har wani labari ya wartsakar da ni. Wata baiwar Allah ce, Harriet Powers, an haife ta cikin bauta a jihar Jojiya ta Amurka a 1837. Ta ɗinka bargo mai ɗauke da labaran Baibul, ta nuna shi a wajen baje kolin auduga a 1886, wata Baturiya ta nemi saye ta hana. Da babu ta matsa wa gidanta bayan 'yan shekaru, ita da kanta ta kai shi, ta nemi dala goma aka ba ta biyar. Yau yana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. Akwai kuma matan wani ƙauye, Gee's Bend a jihar Alabama, jikokin bayi, waɗanda ke yanka tsofaffin wandunan aikin gona na mazajensu su haɗa abin rufa saboda gidajensu iska na shiga. Sai a 2002 aka rataye aikinsu a gidan zane-zane na birnin Houston, masu kuɗi suka fara rububi, har a 2006 aka buga hotunan bargunan a kan kan sarki na Amurka. Nan kusa da mu ma, Martha Ricks ta Laberiya ta ɗauki nata, mai zanen bishiyar kofi, ta kai wa Sarauniya Biktoriya ta Ingila hannu da hannu a 1892. A Bangaladash da gabashin Indiya tsofaffin sari mata ke jerawa su bi da allura, su kira shi kantha.

Abin da na tsinta a duk labaran nan shi ne yawancin matan ba kasuwa suka je neman yadi ba. Abin da jikin mutanen gidansu ya riga ya sa suka yanka. Ni kuwa ina da akwati guda na zannuwan Inna, Allah Ya jiƙanta, rabona na gado, shekara da shekaru ban buɗe shi sai in za a sa kafur.

Nan rigima ta tashi. Yayata, wadda ita ce uwar biki, da ta ji sai ta ajiye kofin shayinta. "Zanin mamaci sadaka ake yi da shi lada ya isa gare ta, ba a sa masa almakashi. Kuma ke yanzu 'yar fari guda za ki kai wa dangin miji da tsumma? Ranar jere 'yan ganin ɗaki su ce mun rasa kuɗin bargo?" Na ce, "Yaya, masu kyaun ai tun ranar arba'in muka bayar. Waɗannan da suka rage, wa za ki miƙa wa ya yi miki godiya har zuci?" Maganarta ta biyu ce mai nauyi, kuma ba zan ce ba ta da hujja ba. A wajenmu faci shaidar rashi ne, yaro ma ba ya son a ga faci a wandonsa, balle ɗakin amarya da ake so komai ya fito daga leda yana ƙamshin kanti. Muka rabu a kan za a sayi dubet sabo da labulensa don ranar jere, ni kuma in yi abin da nake so da kuɗina, amma a ƙasan akwati zai tafi.

Telan da na kai wa aikin dattijo ne a unguwarmu, mutumin Kano, manyan riguna yake ɗinkawa, matasan teloli kuwa biyu na gwada suka ce ba su da lokacin wasan yara ana gab da bukukuwa. Ya shimfiɗa na Katangowa a kan tebur, ya juya shi, ya matsa da yatsa, ya yi dariya. "Hajiya, wannan ai lifidi ne aka yi wa gado." Ya ce mahaifinsa kayan doki yake ɗinkawa, kuma yana yaro shi ke cusa audugar rimi tsakanin yadi biyu ana bi da layin ɗinki, har abin ya yi kaurin da kibiya ba ta huda shi da sauƙi. Shi ne rigar da 'yan lifida da dawakansu ke sawa a hawan sallah, sau da yawa da yanki-yankin ja da rawaya da kore a fuskarsa. A tarihin sarakunan Kano an ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ashe abin da na je nema har tsibirin Legas, kakanninmu sun fi shekara ɗari shida suna yin irinsa, sai dai su doki da mayaƙi suka yi wa, abin kwanciya kuwa suka bar wa masaƙa, masu gwado da luru.

Telan, wato Malam, shi ya yi lissafin, da alli a kan tebur. Gadon shida da shida ne, wato inci 72 kowane gefe, ana kuma so bargon ya zubo ta gefuna. Ya ce a yi ƙyalle mai kusurwa huɗu, inci 8, goma a tsaye goma a kwance, guda 100 ke nan, inci 80, sai a kewaye da yadi mai faɗin inci 5, ya tashi 90. Amma a yanka kowane inci 8 da rabi, don ɗinki zai ci kwata ta kowane gefe. Ya yanko min kwali daidai girman, ya ce in je in yi yankan da kaina, shi ba zai sa almakashi a zanin mahaifiyar wani ba.

Kafin yanka sai wanki. Kowane zani daban na jiƙa shi, don in ga mai zuba, aka kuwa sami wani ja da ya rina ruwan bokiti, na fitar da shi ko da yake ina sonsa. Sabon yadin da za a yi shafi da kewaye da shi ma sai da aka wanke shi aka fitar da sitacin kamfani, saboda sabon yadi yana tsukewa a wankin farko, tsohon kuwa ya gama nasa tsukewar, in aka haɗa su haka bargon zai tattare. Bayan sun bushe aka goge.

A wajen yankan ne na daɗe. Zani yadi biyu ne, faɗinsa wajen inci 46, a lissafi zai ba da ƙyalle 40. Babu wanda ya ba ni ko rabin haka. Tsakiyar kowane, inda ake zama, ta yi sirara har ana ganin hannu ta ciki. Kusurwar da Inna ke ƙulle kuɗin cefane da goro ta murɗe ta koɗe, guga ma ba ta miƙar da ita. Akwai mai ƙunar garwashi, akwai mai tabon manja. Sai in ɗaga zani a hasken taga, in nemi inda yake da sauran rai, in ɗora kwali, in zagaye da alli. A bakin wasu rubutun kamfani bai goge ba. Biyu Holan ne na Vlisco, kamfanin garin Helmond da ke aiki tun 1846, su ne na lefenta, kuma duk da sun fi kowane tsufa su suka fi ba ni ƙyalle. Uku 'yan Kaduna ne, na masaƙar UNTL da aka kafa a 1964, irin wanda ake fitar da anko da shi lokacin muna yara. Ɗaya daga cikinsu ankon aurena ne, ɗaya kuma da shi Inna ta fara goya wannan amaryar ranar suna. Zani takwas suka ba ni ɗarin, da 'yan rara.

Muka share tsakar ɗaki muka jera su a kan tabarma. Atamfa ba ta da kunya, kowace tana so ita za a gani, in ka haɗa manyan zane biyu gefe da gefe ido ya rasa inda zai sauka. Yarinyar ta hau kujera ta ɗauki hoto ta mai da shi baƙi da fari, nan take aka ga inda masu duhu suka taru wuri ɗaya. Muka yi ta musanya har suka zama mai duhu, mai haske, mai duhu. Sannan na tattara kowane layi daban, na maƙala masa takarda mai lamba, na kai wa Malam.

Haɗa fuskar a keken ƙafa ya yi shi, tsohuwar Butterfly, don haka ɗaukewar wuta ba ta shafe mu ba. Layi-layi ya haɗa, yana kwantar da bakin ɗinkin wannan layi dama na gaba hagu, don kada mahaɗa ta yi ƙullutu. Inda kusurwa huɗu suka gamu, nan ake gane tela, kuma nasa sun gamu, in ban da wurare biyu da ni kaɗai na san su.

Abin da za a sa a ciki ya ɗan ja mu muhawara. Masu dubet sun ba ni shawarar siririn soso, mai araha, amma na ga yadda yake marmashewa a tsofaffin kujeru. Faiba ba ta da nauyi, tana bushewa da wuri, sai dai ba ta shan gumi. Malam audugar rimi ya so, ta mahaifinsa, amma shi da kansa ya ce yawo take a cikin yadi, sai an yi mata ɗaki-ɗaki an cusa, kuma a Legas nemanta aiki ne. Auduga zalla kuwa in ta sha ruwa nauyi take, kuma a damshin garin nan kafin ta bushe ta fara wari. Ƙarshe na sayi siraran barguna biyu na auduga, irin masu laushin nan marasa gashi, aka wanke, aka haɗa bakinsu suka zama shimfiɗa ɗaya. Tunda saƙaƙƙe ne ba zai dunƙule ba, kuma ɗuminsa ya isa ba tare da ya danne mai barci ba.

Ratsa ɗinkin ne keke ya gaza. Ya gwada a gefe, hawa ukun suka riƙa zamewa, na sama ya riga na ƙasa, shafi ya tattare. Ga girman abin, ba ya shiga hammatar keken. Ya kira ni ya ce, "Hajiya, wannan sai hannu, ni kuma idona ya wuce nan." Ya dai taimaka ya shimfiɗa su a ƙasa, shafi, bargo, fuska, ya ja kowane ya miƙe, ya bi da dogon ɗinki na riƙo daga tsakiya zuwa gefuna, wanda za a farke daga baya. Ya gargaɗe ni abu biyu: a fara daga tsakiya kullum ana turo rarar yadi waje, kuma kada tazarar layi da layi ta wuce faɗin tafin hannu.

Maƙwabciyata 'yar Maiduguri ce, ɗinkin hula ne sana'arta, ita ta cece ni. Ta zo da allurarta da zare mai ƙwari, ta nuna mana yadda ake ɗaukar ɗinki uku ko huɗu a kan allura kafin a ja, da yadda ake fizgar ƙullin zare ya shige ciki ya ɓuya. Mu uku muke zama bayan la'asar, ni da ita da amarya, bargon a cinyoyinmu, muna bin kowane ƙyalle daga kusurwa zuwa kusurwa. Cikin zafin Legas rungumar bargo mai hawa uku ba ƙaramin horo ba ne, in babu wuta kuwa sai mu fitar da shi baranda. Yatsan da ke ƙasa yana tarar bakin allura ya sha huda har ya yi kanta. Ɗinkin maƙwabciyata ƙanana ne a jere, nawa matsakaita, na amarya kuwa a farkon aikin akuya za ta iya zura ƙafa a ciki, amma zuwa gefuna hannunta ya faɗa, har ba a bambanta nata da nawa. Tana yi tana tambaya, wannan na wane biki ne, wancan wa ya saya wa Inna, ni kuma ina ba ta amsa da abin da na tuna. Wasu sunayen 'yan'uwa a nan ta fara jin su.

Da muka gama muka farke ɗinkin riƙo, na mayar wa Malam ya datse gefuna suka daidaita, ya kama baki da shuɗin yadi ninki biyu, tunda na ga a na Katangowa baki ne ke fara cinyewa. Wankin farko a babban baho aka yi shi, da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ana tattakawa da ƙafa, ba murɗa. A kan igiya uku muka baza shi don kada nauyin ruwa ya tsinka ɗinki, kuma a inuwa, saboda tsohuwar atamfa ba ta jure rana. Ya bushe ya ɗan yi yamutsa-yamutsa tsakanin layuka, maƙwabciyata ta ce haka ake so, kada in kuskura in goge.

Da na haɗa kuɗin shafi da barguna biyun da zare da ladan Malam da abin da na ba maƙwabciyata, wanda sai da na haɗa ta da Allah ta karɓa, ya zarce kuɗin dubet ɗin Balogun da labulensa. Duk mai tunanin bargon faci hanyar tsimi ce a Legas ta yau, ya sake lissafi. Kayan ne kyauta, aikin kuwa ba mai yi maka shi da arha sai wanda ke jin nauyinka.

Yaya ta zo haɗa akwatuna, ta ɗaga shi, ta gane zanin da Inna ta sa ranar da ta dawo daga Makka, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita har yanzu da sadakar aka yi. Ta sa shi a ƙasan akwati na uku kamar yadda muka yi alkawari, cikin tsohon zanin gado, ba leda ba, don yadi ya sha iska. Ƙyallayen da suka yi rara guda goma sha ɗaya ne, ƙanwar amarya ta kwashe ta ce nata ne, ta kuma fara zagayen akwatina tana tambayar waɗanne zannuwa ne na daina ɗaurawa. Malam ya ce ta bari sai bayan babbar sallah, kuma wannan karon ladansa ba zai zama na farko ba, tunda yanzu ya san abin da aikin ke ci.